Jinjina Ga Sarki Robert, Mai Cin Gari Ba Yaƙi

Butulci ba halin kirki ba ne. Wanda ya yi maka rana, bai kamata ka yi masa dare ba. Yau shekaru ke nan wani basarake daga birnin Santambul yake ɗawainiya da jama'armu a Muciya da Samaru da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, yana taya su hira da dare, yana rage musu tsawon yini, amma har yanzu ba a sami wanda ya miƙe a taron unguwa ya ce masa sannu da aiki ba. Ko lungu ɗaya ba a sa wa sunansa ba. Don haka na ga ya dace in ari bakin jama'a in ci musu albasa, in miƙa godiyarmu ga Sarki Robert na wasan Royal Match, uban marasa aikin yi, gatan wanda barci ya ƙaurace wa.

Duk wanda ya taɓa mulkar ƙasar nan sai da ya sha wuya. Sarauniya Amina sai da ta hau doki ta yi yaƙi, ta kewaye garuruwa da ganuwa. Turawa da suka shigo Zariya a 1902 sai da suka jawo sojoji da bindigogi. Shi kuwa Robert ko wuƙar yankan farce bai zare ba. Ta aljihu ya shigo. Ba haraji, ba jangali, ba shi da dogari ko ɗaya, amma talakawansa suna kai gaisuwa fada tun kafin su wanke ido da safe, su kuma koma yi masa sai da safe bayan kowa ya kwanta. Wane hakimi ne ya taɓa samun irin wannan biyayya?

Ga wanda bai san asalinsa ba, Robert bai gaji sarauta ba, zana shi aka yi. Wasu matasan Turkiyya ne suka kafa kamfanin Dream Games a Santambul a 2019, bayan sun baro Peak Games, kamfanin da Zynga ta Amurka ta saya a 2020 a kan dala biliyan 1.8. A farkon 2021 suka saki Royal Match ga duniya. Kafin shekarar ta ƙare masu zuba jari sun yi wa kamfanin kuɗi dala biliyan 1, a farkon 2022 kuma ƙimarsa ta kai biliyan 2.75. A 2023 wasan ya sha gaban wansa Candy Crush Saga wajen shigo da kuɗi, bayan wan ya shafe kusan shekara 10 yana jan zarensa ba mai ce masa kanzil. Duk wannan dukiya daga me? Daga jera abu uku masu kama ɗaya.

Wasan ba shi da wuyar koyo, kuma wannan ce falalarsa ta farko. Allon waya zai cika da 'yan kayayyaki: jan littafi, koren ganye, shuɗiyar garkuwa, kambin sarauta ruwan ɗorawa. Aikinka ka ja ɗaya da yatsa ka musanya shi da maƙwabcinsa, uku masu kama ɗaya su jeru su fashe, wasu su zubo daga sama. Ka jera huɗu a layi, a ba ka roka ta share layin kakaf. Ka dunƙule huɗu wuri ɗaya, a ba ka farfela ta tashi ta bugo abin da ya gagare ka. Biyar a lanƙwashe, gangar nakiya. Biyar a miƙe, ƙwallon haske mai kwashe duk abin da ke launi ɗaya. Kowane mataki da aikin da aka ɗora maka, fasa akwatuna ne, cire ciyawa ne, kwashe faranti daga kabad ne, kuma taku ƙidayayye aka ba ka. In ka ci, a ba ka tauraro ka kai wa sarki ya gyara fadarsa: yau kujera, gobe labule, jibi furanni a lambu.

Dubi tarbiyyar da ke ciki. Yaron da Umma ta yi mako tana fama da shi ya cire ciyawar bayan gida, kullum amsarsa “To Umma, ina zuwa,” ga shi yana nome ta sarki har ƙarfe biyun dare ba wanda ya aike shi. Budurwar da wanke-wanke ke sa wa ciwon kai tana jera farantan fada da fara'a. Ɗalibin da rabonsa da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim tun makon rajista, a dare ɗaya sai ya taɓa jan littafi ya fi a ƙirga. Wa ya ce matasanmu ba sa son littafi?

Kuma kada wani ya ce aikin a-ci-da-gaggawa ne. Waɗanda suka ƙera wasan nan sun san hannunsu. Komai sumul yake tafiya, ka taɓa ya amsa, ba tsaiko ba jira. Ba ya neman Turanci, ba ya neman boko. Wanda bai taɓa shiga aji ba da farfesan lissafi duk ɗaya suke a gabansa. Babu hoton da za ka ɓoye in Baba ya leƙo. Ba kuma caca ba ce irin ta shagunan da ke lamushe cinikin 'yan acaba, domin a can akwai ranar da mutum kan ci wani abu ya sa a aljihu. A nan an toshe wannan ƙofar fitina ruf, kuɗi shiga kawai suke yi, ba sa fita. Ba ya katse maka wasa da tallan kowa. Ko babu data yana yi, kuma a ƙasar da Hukumar Sadarwa ta amince a Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, wannan ba ƙaramin jinƙai ba ne. Saukewa kyauta, bugawa kyauta. Masu mugun zato za su ce ruwa ba ya tsami banza. Mu dai mun gode.

Kunyar sarkin ma abin koyi ce. Ba ya tallan kowa a gidansa, amma shi yana gidan kowa. Buɗe wani wasan daban, ko ka leƙa YouTube, sai ga shi an kulle shi a ɗaki ruwa ya kawo masa gemu, ko wuta na bin sa, ko maciji ya wangale baki. Ga wani hannu yana ƙoƙarin ceto, amma hannun ɗan koyo ne, abin da ke gaban idonsa ba ya gani, har sarki ya halaka kana kallo. Ranka ya ɓaci, ka ce, “Haba! Ai ko yaron goye ya ga wannan.” Shi ke nan, ka sauke wasan don ka nuna musu yadda ake yi.

Sai ka shiga ka tarar da sarki lafiya ƙalau, yana murmushi, kujera yake so. Matakan ceton suna nan, amma jefi-jefi, a tsakanin tarin matakan fasa akwati. Mutanen Birtaniya ba su da haƙuri da irin wannan: a 2020 hukumarsu mai sa ido kan tallace-tallace ta hana kamfanin Playrix sake nuna wasu tallace-tallace biyu na Homescapes da Gardenscapes, saboda abin da ake nunawa ya sha bamban da abin da mai wasa zai fi tararwa a ciki. Mu kam mun fi su wayewa. Mun saba da allon kamfen: a nuna maka asibiti da titi da famfo, ka dangwala, ka tarar ashe kujera ake so.

Tausayin da tallan ke dasawa a zuciya kuwa ba a magana. Damina ta sauka, leda ta toshe kwata, ruwa ya shiga zauren maƙwabci, samari suna jere a kan benci a bakin layi, kowa ya duƙufa yana ceton Robert daga nutsewa. Da gaskiyarsu. Maƙwabci ai yana da bokiti. Sarki kuwa ba shi da kowa sai mu.

Sai maganar horo. An daɗe ana zarginmu da rashin mutunta lokaci: a kira taro ƙarfe 10, a buɗe da addu'a ƙarfe 12. Robert ya magance wannan cikin ruwan sanyi. Rai biyar yake ba ka. Duk faɗuwa rai ɗaya ya tafi, kuma sai bayan minti 30 wani zai dawo. Kafin biyar ɗin su cika, awa biyu da rabi ke nan. Yanzu akwai mutanen da in ka tambaye su ƙarfe nawa ake la'asar a masallacin layinsu sai sun yi nazari, amma sun san saura minti nawa da daƙiƙa nawa rai ya dawo. Wanda ba zai iya jira ba, ga hanya biyu: ya saya, ko ya shiga ƙungiya ya roƙa. Gwamnatocin arewa sun sha yin doka a kan bara a titi. Ga ta nan an zamanantar da ita: mai digiri yana kwance a katifa yana roƙon rai a wurin wani mutumin Barazil da bai san da zamansa ba, ba zafin rana, ba mai ce masa Allah ya ba da haƙuri.

Amma in kana son ganin gwanintar masu wasan nan muraran, je ka teburin mai shayi a Muciya bayan isha'i, ka zauna kusa da wanda ya zo takun ƙarshe. An zuba masa shayi tun ɗazu har tururin ya daina tashi, burodi na gefe ko gutsura bai yi ba. An ce ya fasa akwatuna, ya fashe su duka, saura guda a kusurwa.

“Samari, shayin nan fa ya huce,” in ji mai shayi.

“Bari, Malam, saura ɗaya.”

Yatsa ya tsaya cak a saman allo. Ya kai nan ya fasa, ya kai can ya janye. Can ya ja koren ganye. Uku suka fashe, sababbi suka zubo, akwatin yana nan daram. Nan take sai ga tayi cikin ladabi: ƙarin taku 5 a kan tsabar zinare 900. An kuma tuna masa abubuwan da zai yi asara in ya ce a'a. Ladan cin mataki guda bai kama ƙafar 900 ba, don haka asusu ba ya jimawa yake ƙarewa, kuma a daidai nan ƙofar shago take, inda ake sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske. Ba a tilasta wa kowa. An dai ajiye maɓallin a inda babban yatsa ya saba sauka.

Faɗuwa warwas tana sa mutum ya ajiye waya ya kwanta. Faɗuwa da ratar akwati ɗaya ita ce mai hana barci, kuma masu injinan caca sun daɗe da sanin darajar “saura ƙiris”. Abin da zai zubo daga sama ba a hannun mai wasa yake ba, na'ura ce ke rabawa. Matakin da ya yini yana ka da kai, gobe da safe sai ka haye shi har da ragowar taku, ba don ka ƙara basira cikin dare ba. Amma wasan yana da kara: in ka ci, ya bar ka ka ɗauka ƙwaƙwalwarka ce, in ka faɗi, ya nuna maka shago.

Ilimi ne fa, ba tsafi ba. Wani masanin halayya a Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya yi shekaru yana gwaji da tantabaru, ya kuma wallafa sakamakon a 1957 tare da abokin aikinsa Charles Ferster. Tantabarar da ake ba ta tsaba duk sanda ta ƙwanƙwasa maɓalli da baki, da an daina sai ta haƙura. Wadda kuwa ake ba ta jefi-jefi, ba ta san ko bugu na gaba ne mai tsabar ba, ita ce ke ƙwanƙwasawa ba ji ba gani. Masu kiwon tantabara a Sabon Gari za su yi alfahari da jin cewa ilimin da aka samo daga tsuntsuwarsu, yau a kan ubangidanta ake aiki da shi.

Sannan ga kyautar baran sarki: ka ci matakai a jere, a riƙa fara maka wasa da roka da nakiya kyauta; ka faɗi sau ɗaya, a kwashe duka. Ga gasar da ake tara mutum 100, a ce kowa ya tsallake matakai 7 ba faɗuwa, waɗanda suka kai gaci su raba zinare. Ka zame a na shida, wahalarka ta bi ruwa. Ga gasar yini, ga ta ƙarshen mako, ga ta ƙungiya, kowace da agogonta yana ƙirga abin da ya rage. Ba a taɓa barin mutum ya rasa abin da zai yi asara ba. Wanda ko akuya bai ajiye ba, yanzu yana da dukiyar da yake tsoron rasawa. In wannan ba rage talauci ba ne, mene ne?

Masu suka suna cewa wasan ba shi da labari, wai an yi musu alkawarin kasada sun tarar da jeren ɗakuna. Rashin fahimta ne. Labarin a fili yake: sarki yana son kaya, kai kuma ka nemo. Ya gama da wannan zaure ya koma wancan, ya gama da cikin gida ya fita lambu. A Homescapes akan ba mutum zaɓi uku na kayan ɗaki, abin da ke jawo ciwon kai; a nan an ɗauke maka wannan nauyi, ba mai tambayarka launin labulen da kake so. Naka kawo tauraro da tafi. Duk wanda ya yi zaman talaka a ƙasar nan ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari.

Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma ai tana da babban aibi, wato tana ƙarewa. Kaka ta ce ƙurunƙus, yara su watse su kwanta. Robert ba ya ƙurunƙus. Matakansa dubbai ne, duk mako biyu ana ƙaro sababbi, kuma wansa Candy Crush ya haye mataki 15,000 tun 2023. A nan Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, inda aku ya riƙa ɗaure ɗan sarki Musa da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Akun Imam mai gajeren buri ne: da Sarki ya dawo daga yaƙi, gadi ya ƙare. Akun da ke aljihunmu ba ya jiran dawowar kowa, ba ya kuma wahalar da kansa da sabon labari. Akwatin jiya ne aka sake wa fenti.

Dattawa za su ce ai jera uku ba sabon abu ba ne, dara ce aka sa wa lantarki. Ta wani gefen da gaskiyarsu. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ka jera uku ka cinye ɗan abokin karawarka. Kakanninmu suna yin haka a gindin bishiya tun kafin wani ɗan Rasha, Eugene Alemzhin, ya fito da Shariki a 1994, balle Bejeweled na 2001. Amma a duba illolin dara. Na ɗaya, babu sa'a a cikinta. Komai a fili yake, in an cinye ka to an fi ka tunani ne, ba ka da na'urar da za ka ɗora wa laifi. Na biyu, sai da mutum: dole ka fita, ka yi sallama, ka zauna da jama'a, ka ji wa ya rasu wa aka yi wa haihuwa, wataƙila ma a tsegunta maka inda ake neman ma'aikaci. Na uku, ana kiran salla ake share gurabun a tashi. Na huɗu kuma mafi muni, duk daɗewar da aka yi ana yin ta, ba ta taɓa tara wa kowa ko dala ɗaya a Santambul ba. Ba a sayar da ƙarin taku. Je ka ce wa dattijo, “Baba, ga ɗari biyar, a ƙara mini taku biyar,” ka ga yadda majalisa za ta yi da kai. Wasa irin wannan ai koma-baya ne.

Ɗalibai su suka fi kowa cin moriyar masarautar. Wasan ya fito a 2021, ita kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Gwamnati ba ta da abin ba su, malamai sun rufe ofis, Robert ne kaɗai bai rufe ƙofa ba. Da aka koma aji ma bai yi fushi ba, ya bi su har kujerun baya na ɗakin lacca.

A nan ake ganin kyawun rabon aiki tsakanin al'ummai. Matasan Santambul sun zauna sun koyi rubuta manhaja da zane da lissafin halin mai wasa. Mu ma a Samaru muna da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da sashen kimiyyar kwamfuta, ga sunan da Zariya ta yi a zane tun zamanin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Muna da dara, muna da kacici-kacici, muna da Gizo, muna da Amina da ganuwa da ƙofofinta, da dutsen Kufena da Turunku, duk kayan da za a gina wasan kasada da wasa ƙwaƙwalwa da duniya za ta saya. Amma ai ba a taru an zama ɗaya ba. Su su ƙera, mu mu latsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta fuskar tattalin arziki ma an taɓa kowa. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin arewa cikin duhu kwana da kwanaki, masu walda da masu ƙanƙara sun zauna zugum, amma layi bai yanke ba a rumfar mai cajin waya. Wanda ya biya kuɗin caji don kada kiran ciniki ya wuce shi, kafin keke ya kai shi Kwangila ya ba sarki zakkar batirinsa. Har bankunanmu sun sa hannu: daga 2022 da yawansu suka tsuke, sannan suka rufe sayayya a ƙetare da katin naira, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Dama a irin waɗannan wasanni 'yan ƙalilan ne ke biya, su ke ɗauke da sauran, kuma mu da dala ta haura naira 1,500 a 2024 ba mu ne ake jira mu zaro kuɗi ba. Duk da haka sarki bai kore mu ba. Ya karɓi abin da muke da shi a yalwace, wato lokaci. Mu ke cika gasa, mu ke aika rai, mu ke sa mai kuɗi ya ji yana da wanda zai wuce. Ko a hawan salla ba kowa ke kan doki ba, dole a sami masu shan ƙura.

'Yan baƙin ciki dai ba a rasa su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Mu a nan ba mu da wannan cuta, domin duk wanda ka tambaya zai ce maka rage lokaci kawai yake yi, in ya ga dama yau zai goge wasan. A 2015 wata mujallar likitoci a Amurka ta ba da labarin wani mai shekara 29 da jijiyar babban yatsansa ta tsinke bayan makonni yana yini a kan Candy Crush. Wannan ai sadaukarwa ce. A 2014 an ɗauki hoton ɗan majalisar Birtaniya Nigel Mills yana buga Candy Crush ɗin ana tsakiyar zaman kwamiti kan fansho, har sai da ya ba da haƙuri. In ɗan majalisar da ta girmi tamu da ɗaruruwan shekaru ya rusuna, wane ne mai shago a Kasuwar Sabon Gari da zai ɗago kai don mai sayen sabulu ya yi sallama?

Masu cewa a hana, su yi haƙuri. Ba Robert ne ya rufe masaƙun Kaduna ba, ba shi ya kashe jirgin ƙasan da ya raya Sabon Gari ba. Zuwa ya yi ya tarar da mutane zaune, ya ba su abin riƙewa. A ƙasar da matasa suka yi yawa aiki ya yi kaɗan, wanda ya samo dabarar zaunar da su shiru, kai a sunkuye, ba tambaya ba ƙorafi, kuma ba da kwabon gwamnati ba, ya cancanci lambar girmamawa ta ƙasa. Masu mulki su yi wa kansu adalci su miƙa masa.

Saura lissafi, kuma ba shi da wuya. Awa biyu a rana, kaɗan a keke, kaɗan a shago, sauran a kan gado, a shekara awa 730 ke nan. In aka raba su awa takwas-takwas irin na ma'aikaci, kwana 91 ne, wato wata uku a shagon tela ko na gyaran waya, ko gaban kwamfuta ana koyon yadda ake ƙera irin wannan wasa. Sarki zai sami labule da kujera da lambu. Kai kuma, mai karatu, za ka sami mataki na gaba. In kana da wata ukun da ba ka san inda za ka kai su ba a bana, sauke Royal Match yau ɗin nan. Ka dai sani, ba a mayar da canji.